Hamman Dillali da Nonon Firisila

A kasuwar shanu ta Bukuru, wadda ake kira Kara, idan baƙo ya rasa wanda zai gaya masa aibin saniyar da yake so ya saya, Hamman ake nuna masa. Dogo ne siriri, mai farin rawani da ya daɗe da daina zama fari, kuma da gefen ido yake kallon mutane, kamar wanda aka taɓa cuta da gaban ido. Ba ya gaisawa da mai saniya sai ya gama da saniyar. Ya buɗe mata baki ya duba haƙora, ya danna ciki ya ji ko kanwa aka ba ta ta kwankwaɗi ruwa don ta cika ido, ya shafa tambarin da ke cinyarta ya ga ko an sake masa fasali da wuta. Idan bai sami komai ba, ba ya cewa saniyar lafiya take. Cewa yake yi, "Ban gano ba tukuna."

A ruga aka haife shi, can cikin duwatsun kudu da Jos, zamanin da kamfanonin kuza suke cin ƙasa suna barin ramuka. Ya yi kiwo har ya yi aure. Daga baya ciwon huhu ya shiga garken, abin da ya rage kuma ramukan kuza da gonakin dankali suka hana shi wurin tsayawa. Sai ya sayar, ya sami fili a Nasarawa Gwom, ya gina gida, ya koma dillanci. Mutane suka ce ya yi asarar shanu. Shi kuwa ya sami sana'ar da ake biyan mutum don ya ƙi yarda da kowa, kuma bai taɓa yin ƙorafi a kanta ba.

Abu ɗaya ya taho da shi daga ruga wanda ciwon huhu bai taɓa ba, wato ra'ayinsa game da hali. Yana yaro wata maraƙa ta rasa uwarta, aka jingina ta ga wata baƙar saniya mai tunkuyi. Maraƙar ta girma, ita ma ta tashi da tunkuyi. Daga wannan maraƙa guda Hamman ya gina iliminsa gaba ɗaya. Jini, in ji shi, shi ke ba mutum tsawo da hanci da launin fata. Amma hali a nono ake shan sa. Idan aka nuna masa 'yan'uwa biyu da suka sha nono ɗaya suka saɓa hali, sai ya ce a bincika, akwai wata maƙwabciya a cikin maganar.

Bai faɗi haka don wasa ba, domin a gidansa ma akwai maƙwabciya a cikin maganar.

Lokacin da matarsa Aisatu ta tashi haihuwar fari, an mai da ita wurin iyayenta, kamar yadda ake yi. Iyayen suna zaune a gefen wani barikin kuza suna sayar wa leburori nono. Shi kuma Hamman ya gangara da shanu ƙasar Binuwai cin rani. Can wani ɗan'uwansa ya iske shi da labari: an sauka, 'yan biyu ne maza, uwar ta yi zazzaɓi mai tsanani, nononta bai ishi biyu ba, don haka an ba da ɗaya ga wata matar bariki, Kirista, mai suna Firisila, wadda take ɗaukar ƙasar kuza a kwano kuma tana da nata goyon. Ɗan'uwan bai faɗi ko wanne ne aka bayar ba. Hamman kuwa bai tambaya ba, domin Bafillatani ba ya tambayar labarin ɗansa na fari, ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Da aka ce masa an sauka, cewa ya yi, "To," ya ci gaba da kallon shanu.

Ya dawo da damina ya tarar da yaran duka biyu suna rarrafe a ɗakin uwarsu. Liman ya raɗa musu Hasan da Husaini, amma da yake Hasan sunan wan Hamman ne, sai aka koma kiran babban Bappayo, ƙaramin kuma Usaini. Aisatu ita ma kunyar 'ya'yan fari ta ɗaure mata baki. Idan dole ta kama ta ta ambace su a gaban mijinta, "wancan" take cewa, ko "ɗayan". Ba yadda za a yi miji da mata su zauna su yi taɗin wanda ya sha me a cikinsu. Wannan bai dami Hamman ba. Mutumin da yake gane saniyar sata daga tafiyarta, gane yaron da ya sha nonon bariki ba zai gagare shi ba.

Kafin yaran su shiga makarantar allo ya gama bincikensa. Bappayo shiru-shiru ne, ba ya kuka sai da dalili, idan baƙo ya miƙa masa abu sai ya dubi hannun kafin ya dubi abin. Hamman ya ga kansa a cikinsa, ya gamsu. Usaini kuwa tun yana goye yake yi wa mutane magana, ko sun san shi ko ba su san shi ba. Yana dariya da baki buɗe har a hangi dasashi. Yana son gwate, faten mutanen ƙasar, da barkono fiye da fura. Hamman ya taɓa ganin Firisila, gajeriyar mace mai ƙarfi wadda ake jin muryarta daga wancan ƙetaren rami, kuma ya taɓa jin dariyarta. Bai bukaci wata shaida ba.

Haka yaran suka girma a ƙarƙashin ido biyu daban. Bappayo ya bi ubansa Kara yana riƙe igiya, yana koyon yin shiru a gaban mai saye. Usaini ya ƙi shanu, ya koyi gyaran rediyo wurin wani Bayarabe, ya buɗe ɗan shago a Tina Junction inda direbobin tasi suke tsayawa su sha labari. Duk abin da ya yi, Hamman ya san daga inda ya fito. Da ya sayi wando mai faɗin ƙafa, nonon ne. Da ya koyi Birom da Turancin kasuwa, nonon ne. Ranar da ya kai wata tsohuwa asibiti a bayansa, Hamman ya daɗe yana tunani, daga baya ya yanke cewa son a gani ne, shi ma nonon ne. Bai taɓa tsawata wa yaron fiye da kima ba. Tausayinsa ma yake ji, irin tausayin da ake yi wa wanda aka yi wa illa tun bai san kansa ba.

A shekarar 1977 wani Inyamuri mai suna Livinus ya kama haya a gidan da ke kallon na Hamman. A Jos aka haife shi, ya gudu lokacin rikici, ya dawo bayan yaƙin basasa, yanzu yana koyarwa a wata kwalejin horon malamai. Darasinsa shi ne saikoloji, wanda ya fassara wa Hamman da cewa ilimin sanin halin ɗan'adam. Hamman ya ji wannan ya gyara zama. A ganinsa gwamnati ba za ta biya mutum albashi don ya san halin mutane ba, sai dai in tana son a kai mata rahoto. Ya yanke cewa ɗan sandan ciki ne. Saboda haka ya riƙa gayyatarsa zama a bencin ƙofar gida bayan la'asar, don ya sa masa ido da kyau. Da haka suka zama abokai.

Livinus mutum ne mai son a saurare shi, ɗalibansa kuma ba sa yi. A kan bencin nan ya sami mai sauraro, ko da yake da gefen ido ake sauraron nasa.

"Oga Hamman, masana sun rabu," in ji shi wata rana, da Hausarsa wadda ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba. "Wasu sun ce gado ne, da halinka aka haife ka. Wani kuma ya ce ƙarya ne, a ba shi jariri ko na wane ne, shi zai mai da shi likita ko ɓarawo, duk wanda ya ga dama."

"An ba shi?"

"Ba a ba shi ba."

"Sun yi hankali," in ji Hamman.

"Akwai wanda ya ce mutane iri biyu ne, masu kallon ciki da masu kallon waje. Kamar yaranka. Ni fa, Oga, wannan 'yan biyu naka suna ba ni sha'awa. A Turai da an kai su jami'a an auna su."

"Da me ake auna su, Ticha?"

"Da tambayoyi. Wani lokaci a zuba tawada a takarda, a ce ka faɗi abin da ka gani."

"In na ce na ga an ɓata takarda fa?"

"Sai a rubuta cewa kai mai taurin kai ne."

Hamman ya ajiye maganar sha'awar 'yan biyun nan a ransa, inda yake ajiye irinta. Amma ranar da Livinus ya kawo zancen wani likitan Turai da ya ce halin mutum yana ƙulluwa ne tun yana jariri, daga yadda aka shayar da shi da yadda aka yaye shi, sai Hamman ya juyo ya dube shi da ido biyu, abin da bai cika yi ba.

"Wannan Baturen, iyayensa suna da shanu?"

"Ban ji an ce ba."

"Ka bincika. Suna da su."

Bai gaya wa Livinus maganar Firisila ba. Ba a ba ɗan sandan ciki irin wannan labari kyauta.

Ita Firisila a lokacin mijinta ya rasu, aikin kuza ya ja baya, ta koma Daɗin Kowa tana sayar da acca da dankali. Ba ta yanke zumunci da Aisatu ba. Takan zo da Salla, Aisatu takan aika mata kindirmo da Kirsimeti. Hamman yakan amsa gaisuwarta daga nesa, yana lura da wanda ta fi daɗewa tana magana da shi a cikin yaran. Kullum Usaini ne. Bai lura cewa kowa ma da Usaini yake daɗewa ba.

Cikin damina ta 1978, wajen lokacin da soja suka ɗage takunkumin siyasa, gari ya cika da tarurrukan da kowa yake zargin na kowa, Livinus ya zo benci da hula a kansa, abin da ba ya yi sai zai je coci. Ya zauna ya yi gyaran murya.

"Oga, yau aiko ni aka yi. Usaini ne. Ya ce ba zai iya tsayawa a gabanka da wannan magana ba. Aure yake so."

"'Yar wa?"

"Talatu, autar Mama Firisila. Wadda take aiki a ɗakin haihuwa. Yarinya mai hankali, na koyar da ita a firamare kafin in koma kwaleji."

Hamman bai motsa ba. A cikin kansa kuwa komai ya faɗa wurinsa, kamar shanu sun ga ƙofar shinge. Mace ta shayar da yaro, ta bi shi da kyauta shekara da shekaru, ta jira ya zama mutum, sannan ta turo 'yarta. An kuma dasa wani malamin hali a ƙofar gidansa don ya sassauta masa zuciya. Abin da ba su sani ba, ko suka sani suka ɓoye, shi ne a Musulunci wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada. Talatu ƙanwar Usaini ce.

"A dakata," in ji shi.

"Har yaushe, Oga?"

"A dakata."

Yana iya faɗin dalilin a ranar, magana ta mutu. Bai faɗa ba. Da farko dai faɗar tana nufin ya buɗe baki ya yi zancen shayar da 'ya'yansa na fari a gaban baƙo. Ban da haka, dillali ba ya nuna ya ga aibin saniya tun mai ita bai gama rantsuwa ba. Yana so ya ga iyakar waɗanda suke cikin shirin.

Sai ya zuba ido. Ya ga Livinus yana sayen dankali wurin Firisila, alhali akwai dankali a Nasarawa. Ya ga Talatu ta kawo wa Aisatu maganin ciwon ƙafa, ta durƙusa ta gaishe shi da Fillanci, wanda babu shakka koya mata aka yi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shirun matarsa. Wata safiya ya same ta tana kaɗa nono a tsakar gida, ya tsaya ya fuskanci bango.

"Kin ji abin da wancan yake nema?"

"Na ji, Malam."

"Ba ki ga wani aibi a ciki ba?"

"Yarinyar tana da ladabi."

"Ba ladabi nake tambaya ba."

Aisatu ta ci gaba da kaɗa nonon. Hamman ya fita yana lissafin abu biyu: ko dai zazzaɓin nan na da ya shafe mata tunani, ko kuma maganin ciwon ƙafa ya yi aikin da aka kawo shi ya yi.

Damina ta wuce, sanyi ya shigo. Livinus ya sake zuwa da hula. Dangin mijin Firisila sun ce su ba su ƙi Musulmi ba, a Jos ba yau aka fara ba, amma ba za su ajiye 'yarsu tana jiran gidan da ba a son ta ba. Idan Kirsimeti ya zo babu dattijon da ya taka daga gidan Hamman, magana ta ƙare. Usaini kuma ya ce idan ta ƙare, zai tattara kayan aikinsa ya tafi Legas, kuma kada a sa ran ganinsa da Salla.

"Ya fara sayar da katakon shago, Oga. Da gaske yake."

Wannan ya shigi Hamman ta inda bai zata ba. Ya saba da jin muryar yaron tun daga bakin layi kowace yamma, ya saba da jin haushinta. Bai taɓa tunanin yammar da ba za a ji ta ba. Ya ga cewa idan ya ci gaba da yin shiru, yaron zai tafi yana ganin ubansa ne ya hana shi. Idan kuwa aka tona maganar a gaban malami, zai ga shari'a ce ta hana, ya kuma ga wadda ta yaudare shi. Zai yi baƙin ciki, amma zai zauna.

Ya je ya sami limamin unguwa, ya roƙa a kira Firisila.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a zauren liman. Hamman ya zauna kusa da buzun malam. Yaran biyu suka rakuɓe a bakin ƙofa, Usaini yana ta murza hularsa. Aisatu tana daga ciki, bayan asabari, wurin matan gidan. Firisila ta shigo da zanen zumuntar matan coci, ta tuɓe takalmi, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Allah gafarta Malam, wai ƙarata aka kawo? Da an gaya mini da wuri ai da na ɗaura ɗankwali mai kyau. Baban 'yan biyu, ina kwana? Yau ka ga dama ka kira ni."

"Lafiya," in ji Hamman, yana kallon tabarma.

Liman, tsoho ne mai haƙuri, ya yi bayanin hukuncin shayarwa a taƙaice, sannan ya tambaye ta ko gaskiya ne ta taɓa shayar da ɗa daga gidan Hamman.

"Na shayar mana! Har ya fara haƙori a hannuna. Ya cije ni ma, tabon yana nan in ana son shaida."

"A'a, a'a, mun yarda," in ji liman da sauri. "To, Firisila, kin ga ke nan Usaini ɗanki ne. Talatu ƙanwarsa ce. Wannan aure ba zai yiwu ba."

Hamman ya ɗaga kai a hankali don ya ga fuskar wadda aka kama. Abin da ya gani mace ce ta saki baki tana duban mazan zauren ɗaya bayan ɗaya.

"Usaini? Wane Usainin? Wannan mai baki kamar rediyon da yake gyarawa? Malam, ai wannan ƙi na ya yi! Shi aka fara kawo mini, don shi ne mai cin rai, ya hana uwarsa barci. Na sa shi a ƙirji, ya ture ni, ya yi ta ihu har masu gadin kamfani suka leƙo. Aka mai da shi. Sai aka kawo mini mai shirun nan." Ta nuna Bappayo da haɓa. "Shi kuwa ya dube ni, ya dube ni, kamar zai tambayi farashi, sannan ya kama. Tun ranar haka suke, ko ɗigon nawa ba su sha ba tukuna. Wancan ne nawa. Bappayo, ƙarya na yi?"

Bappayo ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Mama."

Liman ya ɗaga murya wajen asabari. "Aisatu, kin ji abin da ta ce. Ba sai kin ambaci suna ba. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji muryar daga ciki.

"Usainin bai sha ba ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Liman ya shafa gemu. Ya ce hukuncin yana kan wanda ya sha ne kaɗai, ba ya tsallakawa zuwa ɗan'uwansa, ko da tare aka haife su. Bappayo wan Talatu ne. Usaini kuwa ba abin da ya haɗa shi da ita, in ban da abin da yake nema. Ta wajen shari'a, shi bai ga abin da zai hana ba.

Hamman ya ji zauren ya yi masa faɗi. Ya dubi Usaini, wanda yake ƙoƙarin rufe bakinsa da hula. Ya dubi Bappayo, wanda ya zauna daidai yadda shi Hamman yake zama, gwiwa ɗaya a tsaye, ido a gefe.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "to shi wannan, ina ya samo halin nan nasa?"

"Wannan kuma ba ya cikin littattafan da na karanta," in ji liman.

A hanyar gida Hamman ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi wa ɗansa na fari tambaya kai tsaye.

"Ka sani?"

"Na sani, Baba. Ni nake gyara mata rufi duk damina."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Na ɗauka ka sani. Duk unguwa an sani."

Ya kwana biyu bai je Kara ba. Livinus ya zo benci da niyyar ya yi bayanin cewa wannan ya ƙarfafa masu cewa da hali ake haihuwar mutum, ko da yake masu cewa tarbiyya ce za su ce uban da ya ɗauki yaro baƙo, baƙon zai tashi. Ya dubi fuskar Hamman, ya bar bayanin a aljihu, suka yi zancen tsadar siminti. Shi Hamman bai zubar da ra'ayinsa ba. Ya dai fara tunanin ko baƙar saniyar nan ta ruga ba ita ce ta shayar da maraƙar ba, domin shi ma wancan labari gaya masa aka yi.

Amma Kirsimeti yana matsowa, kuma yanzu ba shi da wani abin da zai fake da shi. Idan ya ce a'a, shi ne ya ce. Ana saura mako guda ya sayi goro, ya sa rawaninsa na Salla, ya ɗauki liman da Livinus suka shiga tasi zuwa Daɗin Kowa. Usaini ya bi su a tasin har bakin titin gidan, ya tsaya nan, don mai neman aure ba ya shiga.

Gidan yana bayan shingen ƙyarana. A tsakar gida an shimfiɗa tabarma biyu suna fuskantar juna. A kan ta masu gida akwai ƙanin mijin Firisila, tsoho mai kwat ɗin soja, da wasu dattawa. A gefensu, cikin farar riga, Bappayo ne zaune.

Hamman ya tsaya. Firisila ta leƙo daga madafa.

"Baban 'yan biyu, kada ka dube ni. Malaminku ne ya ce ɗana ne. Nawa na ciki yana soja a Kaduna, ba a ba shi hutu ba. Wa zai zauna wa Talatu in ba wanta ba?"

Liman ya ce wannan ba laifi. Aka zauna, aka gaisa, aka gabatar da goro, aka faɗi abin da ya kawo su. Tsoho mai kwat ɗin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a al'adarsu ba a karɓar goro sai an ji halin yaro daga bakin ubansa, kuma wan yarinya ne yake tambaya. Ya taɓa kafaɗar Bappayo.

Bappayo ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ya fuskanci ubansa.

"Baba, mutanen gidan nan suna so su ji. Yaron da kuka zo dominsa, wane irin mutum ne?"

Hamman ya yi shekara ashirin da wani abu da amsar wannan tambaya a shirye, ga shi an ƙwace ta a zauren liman. Ya laluba ya ga abin da ya rage masa.

"Yana da surutu," ya ce. "Yana dariya a inda ba a dariya. Ya ƙi sana'ar ubansa. Ban san inda ya samo wannan ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba ya cin amana. Ba ya iya ganin mutum a ƙasa ya wuce. Wannan ma ban san inda ya samo ba."

Tsohon ya karkato. "Malam, da 'yarka ce, za ka ba shi?"

Daga madafa an daina jin motsin tukunya.

"Zan ba shi," in ji Hamman.

Tsohon ya miƙa hannu ya jawo ƙunshin goron gabansa. Firisila ta rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse.

Da suka fito, Usaini yana nan a bakin titi inda suka bar shi, sanyi ya busar masa da leɓe. Ya dubi liman, ya dubi Livinus, bai iya karanta komai ba, don sun bar wa mai magana maganarsa. Hamman ya zo daidai shi bai tsaya ba, bai kuma dube shi ba.

"Ɗakin da ke bayan rijiya rufinsa yana yoyo," ya ce. "Gobe ka nemo kafinta. Ba a kawo 'yar mutane inda ruwa zai zuba mata."